Bashin karatu na NELFUND: yadda na gan shi bayan na cika wa yaran gidanmu

Tambayar da iyaye suka fi yi min ita ce wai bashin karatun nan na NELFUND, wato hukumar gwamnatin tarayya mai ba ɗaliban manyan makarantu rance, da gaske ne kuwa, ko irin abin nan ne da za a sa ka cika fom ka kashe kuɗin kafe daga nan ka ji shiru kamar an shuka dusa? To da gaske ne, ana biya, ni ganau ne ba jiyau ba don ni na zauna na cika wa ƙanwata da ɗan yayana, ban da yaran maƙota da suke miƙo min waya suna Yaya don Allah duba min. In maki ake so in bayar zan ce uku da rabi cikin biyar, kuma ɗaya da rabin da na riƙe ɗin nan ba duka ne laifin hukumar ba, yawancinsa na makarantun da ake tura wa kuɗin ne da kuma halin da karatun jami'a kansa yake ciki a Najeriya.

Ga wanda bai bi maganar tun daga farko ba, Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar farko ranar 12 ga Yunin 2023, sati biyu kenan da hawansa, kuma ƙudirin Femi Gbajabiamila ne tun yana kakakin majalisar wakilai. Waccan dokar wallahi sunan talaka kawai aka kira amma ba shi aka yi wa ba, don an ce abin da gidanku yake samu kada ya kai naira 500,000 a shekara sannan kuma ka kawo garanto biyu, ko ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 zuwa sama ko lauyan da ya shekara goma yana aiki ko alƙali da makamantansu. Yanzu fisabilillahi yaron da babansa ba ya samun dubu arba'in da biyu a wata, a ina ya san mai mataki na 12 da zai sa masa hannu a takardar bashi? Da aka ga ba zata yi aiki ba aka soke ta aka yi sabuwa, aka sa mata hannu ranar 3 ga Afrilun 2024, aka cire garanto aka cire maganar nawa gidanku yake samu. Fotal ɗin ya buɗe ranar 24 ga Mayun 2024, makarantun tarayya aka fara da su sannan na jihohi suka biyo baya. Akintunde Sawyerr ne yake tafiyar da hukumar, Jim Ovia na bankin Zenith kuma shi aka naɗa shugaban kwamitin gudanarwa. Wannan gyaran dokar shi ne abu mafi kyau da aka yi a harkar gaba ɗaya, kuma ba kasafai gwamnati take yin abu ta ga ta kwafsa ta dawo ta gyara cikin shekara ɗaya ba, a nan dai sun cancanci yabo.

Ba haka kawai bashin ya faɗo ba. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kafin a ce me jami'o'i suka bi layi suna ƙara kuɗin rajista, ta Legas ta tashi daga wajen 19,000 zuwa sama da 190,000 a wasu kwasa-kwasan sai da ɗalibai suka fito titi aka ɗan rage, Bayero ta ƙara, har gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 don biya wa 'yan jiha 7,000 da suke Bayero saboda yara sun fara ajiye karatu. A takarda har gobe jami'ar tarayya ba ta karɓar kuɗin koyarwa, tun ƙarshen shekarun 1970 aka soke shi, abin da kake biya kuɗin jarabawa ne da na asibiti da laburare da wasanni da katin shaida da sauran tarkace, amma shi uba da zai cire kuɗin daga aljihunsa babu ruwansa da sunan da aka raɗa masa.

Abin da suke bayarwa kashi biyu ne. Akwai kuɗin makaranta, wannan ba zaka taɓa riƙe shi a hannunka ba, kai tsaye suke tura wa makarantar. Sai kuɗin aljihu naira 20,000 duk wata da yake shiga akawun ɗin ɗalibi. Zaka iya neman na makaranta kaɗai ka bar na aljihu in kana ganin gida zasu iya riƙe ka. Babu kuɗin ruwa. Abin da ake nema kuma ba shi da yawa, lambar JAMB, takardar admishan, lambar matirik, NIN, BVN da akawun na ɗalibin kansa, kuma kyauta ne, ko sisi ba a biya.

Shi fotal ɗin ba shi da wani wuyar sha'ani, da waya ma ana cikawa in netwok ya yi maka adalci, kuma yana nuna maka matakin da takardarka take. Inda ake shan wahala shi ne suna, kuma wannan wahalar mu 'yan Arewa ta fi kamawa, don mu ne yaro ɗaya zaka ga a NIN an rubuta Muhammad, a JAMB Mohammed, a banki Muhd, a makaranta kuma an ɗauki sunan kaka an mayar na uba. Ƙanwata a wata takardar sunan garinmu ne a ƙarshe a wata kuma sunan Baba, ranar haihuwa ma guda biyu ce da ita, ɗaya ta gaskiya ɗaya kuma 1 ga Janairun nan da wani mai cika fom ya ƙirƙira mata tun tana sakandare don ya gaji da tambaya. Kwamfuta kuwa ba ta san wannan ai ita ce waccan ba, ko harafi ɗaya ya saɓa zata ce ba ta gane ka ba. Sai da muka bi muka daidaita takardun tukuna da rantsuwar kotu da komai, kuma gaskiya wannan ba laifin masu bashin ba ne, sakacinmu ne na shekara da shekaru da ya tashi kamawa yanzu. Duk mai yaro a aji shida na sakandare ya zauna yau ya jera takardunsa a tabarma ya duba harafi harafi, ya fi sauƙi yanzu a kan lokacin da ake saura kwana uku a rufe.

Sai masu kafe. Ba duka ba, akwai masu tsoron Allah, amma wani yaron maƙotanmu ya je wani kafe an caje shi kuɗi mai kauri wai kuɗin fom, alhali fom ɗin kyauta ne, kuma mai kafen ya buɗe masa da imel ɗinsa shi mai kafen da faswod ɗin da shi kaɗai ya sani, to duk saƙon da aka turo can yake tafiya, yaro kullum sai ya je ya tsaya ya ce Oga don Allah an turo wani abu? Ka biya shi ladan aikinsa da datarsa wannan daidai ne, amma imel naka, faswod naka, lambar waya taka wadda take jone da BVN ɗinka. Yara mata musamman a buɗe musu akawun nasu na kansu, kar a ce za a sa na yayanta ko na babanta, ba zai wuce ba.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Hukumar ba ta san ɗanka ba sai makarantarsa ta ɗora bayanansa a rumbunsu ta ce eh namu ne, ga kwas ɗinsa ga ajinsa ga kuɗin da ake binsa. Idan sashen ICT na makarantar masu himma ne ka huta, idan kuwa irin waɗanda mutum ɗaya ne yake da faswod kuma ya tafi daurin aure ne to sai haƙuri. Daga nan in an amince an tura kuɗin, makarantar ce dai zata buɗe maka rajista. Makarantar da ɗan yayana yake, ba zan kama suna ba, sai ta sa ranar rufe rajista ba tare da ta duba cewa akwai ɗaruruwan yara da suke jiran bashin ba, kuma aka ce wanda bai yi rajista ba ba zai shiga jarabawa ba, dole yayana ya sayar da abin da ya sayar aka biya. Daga baya kuɗin bashin ya iso makarantar, kaga an biya sau biyu kenan, to dawo da na farkon nan shi ne aikin. Yaron ya je ofishin bursa aka ce ya rubuto takarda ta hannun shugaban sashe, ya rubuto, aka ce sai da rasit na asali ba fotokwafi ba, ya kawo, aka ce mai sa hannu yana mitin, wata ranar aka ce fayil ɗin yana odit, har ya kai in ya leƙa tagar ofishin matar da take wurin ba ta ɗago kai take cewa ba a fito da lis ba. Yayana ya kira ni ya ce kai da ka ce mu shiga wannan abu, yanzu ga bashi a wuyan yaro ga kuɗina a hannun makaranta, na ce Yaya a yi haƙuri kuɗin ba zai ɓata ba tunda akwai rasit. An dawo da shi daga ƙarshe amma bayan an ci rabin semesta ana sintiri.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A watan Afrilun 2025 hukumar wayar da kan jama'a ta ƙasa NOA ta fito ta ce akwai makarantun da suke karɓar kuɗin ba sa sanar da ɗalibai, wasu ma suna sake neman ɗalibin ya biya, ita ma NELFUND ta yi gargaɗi a kai. Hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shiga bincike, sanarwarta ta farko ta tayar da ƙura da maganar biliyoyin da ba a ga inda suka shiga ba, daga baya ta fito ta gyara ta ce ba a kai ga tabbatar da an karkatar da kuɗi ba. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne tsarin yana da rami a tsakiya, wanda ake bi bashin shi ne ɗalibi amma wanda yake riƙe da kuɗin ita ce makaranta, kuma ɗalibi ba shi da wata sanda da zai ɗaga mata. Da ni ne da na sa doka cewa duk wanda aka amince wa a fotal to makaranta ta buɗe masa rajista nan take ko kuɗin bai iso ba, tunda gwamnati ce take bin gwamnati, sannan kuɗin da aka biya sau biyu a sa masa wa'adi, in ya wuce a ci tarar makarantar.

Dubu ashirin ɗin aljihu kuma, to da babu gara ba daɗi. Ka raba ta kwana talatin ba ta kai naira 700 a rana ba, a ciki za a ci abinci a hau mota a sa data a yi fotokwafin handawut, kuma tun 2024 take a haka alhali a watan Disambar shekarar kaɗai hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ga wanda yake kwana a gida yana zuwa makaranta tana rage zafi sosai, ƙanwata da ita take kuɗin mota kuma ta daina jin nauyin tambayar Baba kullum da safe, wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne a wurin yarinya. Ga wanda ya baro garinsu kuma bai samu gado a hostal ba ya kama ɗaki a waje, ko kusa ba zata riƙe shi ba. Sannan a sani kuɗin da shekarar karatu yake tafiya, in ta ƙare ya tsaya sai ka sake nema, don ba sau ɗaya ake cikawa a huta har a gama digiri ba, duk shekara ne. Yara da yawa ba su san wannan ba sai su zauna suna jiran alat.

Maganar riba ita ce ta fara hana mutanenmu motsi, kuma da gaskiyarsu su tambaya. Babu ruwa a ciki, abin da ka karɓa shi zaka mayar. Ɗayan tsoron kuma shi ne mutum ya mutu da bashi a kansa, Baba da kansa sai da ya tambaye ni wannan kafin ya yarda, ya ce in ta Allah ta kasance wa zai biya mata? Dokar 2024 ta yi tanadin yafe bashin in mutum ya rasu ko wata ƙaddara ta same shi da ba zai iya biya ba, ba a bin iyaye. Da alama amsar ta gamsar da mutane, don alƙaluman da hukumar take fitarwa sun nuna ɗaliban Arewa ne a gaba wurin nema, abin da ba a saba gani ba a irin waɗannan shirye-shiryen.

Amma fa bashi ne, ba rabon tallafi ba ne, kuma na lura yara da yawa a ransu kason su ne na arzikin ƙasa. Ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, kashi goma cikin ɗari na albashi wurin aikinka zai riƙa cirewa yana turawa, mai sana'ar kansa shi ma kashi goma ake so ya riƙa kaiwa. Wanda bai samu aiki ba zai iya yin rantsuwar kotu a ɗaga masa ƙafa, wanda kuma ya yi rantsuwar ƙarya doka ta ce ɗaurin shekara uku. Akwai kuma wani akwati da kowa yake dannawa bai karanta ba, na GSI, wato ka yarda in ka ƙi biya a iya bin BVN ɗinka a cire daga duk akawun ɗin da kake da kuɗi a ciki. Mu yi lissafi na misali, a ce kuɗin makaranta 100,000, na aljihu wata goma 200,000, kaga 300,000 a shekara, shekara huɗu miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. In ka samu aikin 100,000 a wata, wanda ya ma fi mafi ƙarancin albashi na 70,000, dubu goma za a riƙa cira, shekara goma cif kafin ka fita. Ga ɗalibi wannan ciniki ne mai kyau ƙwarai, don miliyan ɗaya ta yau ba ita ce ta shekara goma sha biyar masu zuwa ba, hauhawar farashi zata cinye masa rabin bashin ko fiye. Ga asusun kuma wannan ita ce matsalar, ko kowa ya biya tsaf abin da zai dawo ba zai ɗauki nauyin rabin yaran da aka kashe wa ba, ke nan kullum sai an zuba sabon kuɗi daga haraji. Dokar 2024 ta ba shi kashi ɗaya cikin ɗari na harajin da hukumar tara haraji ta tarayya take karɓa, a Agustan 2024 kuma aka ƙara masa biliyan 50 daga kuɗin da EFCC ta ƙwato, amma kuɗin ƙwato ba abin da za a gina shiri a kai ba ne.

Kuma an taɓa yi fa. Gwamnatin Gowon ta kafa hukumar bashin ɗalibai a 1972, aka karɓa ba a mayar ba ta durƙushe, a 1993 aka yi dokar Bankin Ilimi shi ma bai je ko'ina ba. Bambancin yanzu shi ne akwai BVN da NIN, ɓuya ta yi wuya. Kenya suna da tasu hukumar HELB tun 1995, da kuɗin ruwa kashi huɗu cikin ɗari, ana kuma cin tarar wanda ya ƙi biya, kuma har yau suna kukan waɗanda ba sa biya saboda rashin aikin yi. Afirka ta Kudu kuwa bayan boren ɗalibai na 2015 da 2016 sai suka mayar da nasu kyauta ga 'ya'yan talakawa daga 2018. Namu ba a gwada shi ba tukuna, wanda ya karɓa yana ajin ƙarshe a 2024 sai ya yi bautar ƙasa ya ƙara shekara biyu, kaga sai wajen 2028 za a fara ganin ko kuɗin yana dawowa, kuma a ƙasar da mafi yawan masu digiri suke ƙarewa a POS da ɗinki da sayar da kaya ta WhatsApp inda babu wani mai albashi da zai cire kashi goma, nan ne za a san ko an yi shiri ko ba a yi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne me yaron yake saya da bashin. Ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU tun farko ta ƙi shirin, ta ce tallafi ya kamata a ba ɗalibai kuma bashi ƙofa ce ta ƙara kuɗin makaranta, ni ban yarda da su ɗari bisa ɗari ba don wanda aka kora daga ɗakin jarabawa yau ba zai jira a gama muhawara ba, amma a maganar ƙarin kuɗi suna da hujja, makarantar da ta san akwai mai biya kai tsaye me zai hana ta ƙarawa? Kuma ƙarin ba ya komawa aji. Ka shiga lakcar 'yan aji ɗaya a manyan jami'o'inmu, wasu a kujera wasu a taga wasu a tsaye a bakin ƙofa, malami yana magana ba lasifika ko akwai lasifikar babu wuta, na baya sai dai ya ari littafin na gaba ya kwafa, ɗakin gwaji kuma mutum ashirin a kan na'ura ɗaya in tana aiki kenan. Ba yau aka san wannan ba, kwamitin Farfesa Mahmood Yakubu ya zagaya jami'o'i ya rubuta rahoto a 2012, a 2013 gwamnati ta yi alƙawarin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida don gyara, aka saki biliyan 200 na farko daga nan abin ya koma ɗigo ɗigo. Rigimar yarjejeniyar 2009 tsakanin ASUU da gwamnati ita ta rufe jami'o'i wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, yaran da suka shiga digirin shekara huɗu suka yi shida. Yanzu da bashi a kai duk yajin aiki tsawaita ranar fara samun abin biya yake yi. Ga kuɗin wuta da ya tashi tunda aka kawo tsarin Band A a Afrilun 2024, jami'o'i suna ta kukan bil ɗin da ya fi ƙarfinsu, ga malamai suna ficewa waje, kason ilimi a kasafin tarayya kuma shekara da shekaru bai kai kashi 10 cikin 100 ba.

Duk wanda ya yi jami'ar gwamnati ya san in ka ga gini mai kyau to ka duba jikinsa zaka ga an rubuta TETFund, asusun da ya samo asali daga harajin ilimi na 1993 wanda ASUU ce ta yi fafutukarsa. A ƙudirin gyaran haraji na ƙarshen 2024 an so a riƙa rage kason TETFund har ya ƙare a 2030 a mayar wa asusun bashi, aka yi ca a kai, dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta bar shi da rabin sabon harajin raya ƙasa. Gara da aka yi haka, don da an bi na farkon da an wayi gari ana ba yara bashi su shiga makarantar da babu mai gina mata aji. A Agustan 2025 kuma gwamnati ta dakatar da kafa sabbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai, ministan ilimi Tunji Alausa ya ba da misalin wata jami'a mai ma'aikata 1,200 da ɗalibai ƙasa da 800. Wannan ma na goyi baya, kowane sanata so yake a ce ya kawo jami'a mazaɓarsa, a sa allo a bakin titi a naɗa shugaba a ɗebi ma'aikata, su kuwa tsofaffin da yara suke rububin shiga suna ruɓewa.

Akwai kuma waɗanda shirin bai san da su ba. Makarantu masu zaman kansu ba sa ciki, masu digiri na biyu ba sa ciki, kuma sai ka riga ka samu gurbi kana da lambar matirik, ke nan kuɗin JAMB da na jarabawar tantancewa da kuɗin karɓar gurbi da na motar zuwa duk a kanka suke, kuma a daidai wannan gaɓar ce 'ya'yan talakawa da yawa suke faɗuwa. Mutum wajen miliyan 1.9 suka zauna JAMB a 2025, sama da miliyan 1.3 ba su kai maki 200 ba, to wannan ciwon daga firamare da sakandare ya taso, babu bashin jami'ar da zai warkar da shi.

To wa zan ce ya karɓa? Duk wanda rashin kuɗin rajista zai sa ya ajiye karatu ko ya sa a sayar da gona ko akuyar uwa, ya karɓa ba tare da wani ɗar ba, babu inda zaka samu rance mai sauƙin wannan a ƙasar nan. Wanda gidansu zasu iya biya ba tare da an takura ba amma yana son na aljihun don ya canza waya, ni dai ban ba shi shawara ba, zai ji a jikinsa ranar da albashin farko ya shigo da giɓi. Wanda yake tsaka-tsaki ya ɗauki na makaranta ya bar na aljihu, a lissafinmu na ɗazu kashi biyu cikin uku na bashin daga na aljihun yake. Kuma ka cika da wuri ranar da aka buɗe wa makarantarku, kar ka jira sai an sa ranar rufe rajista. In dole ta sa ka biya da kanka kafin kuɗin ya iso, ka riƙe rasit na asali ka yi masa fotokwafi ka ɗauki hotonsa a waya, ka ɗauki hoton shafinka na fotal ranar da ya nuna an tura, sannan ku haɗu ku da yawa ku je ofishin bursa tare da wakilin ƙungiyar ɗalibai, takardar mutum hamsin ta fi ta mutum ɗaya saurin fitowa daga odit.